Tambaya da Amsa: Falon Hutawa a Filin Jirgi, Wa Ke Shiga, Wa Ake Mayarwa?

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowar duk a kan falon hutawa ne na filayen jirgin sama, wato wurin da ake keɓe wa wasu matafiya su zauna, su ci, su sha, wani lokaci har su yi wanka kafin jirgi ya tashi. Da yawa daga masu tambayar an taɓa mayar da su daga bakin ƙofa, wasu kuma sun iske falon a rufe ana gyara.

TAMBAYA: Ina da katin Gold, wato katin matsayi da ake ba masu yawan tafiya, na wani kamfanin jirgi da ke cikin Star Alliance, ƙawancen kamfanonin jiragen sama. Na sayi tikiti a wurin kamfanin nawa, amma da na je falo aka ce ba zan shiga ba, ga kati a hannuna. Ina kuskuren yake? (Wani ɗan kasuwa mai yawan tafiya)

AMSA: Alhaji, ma'aikacin da ke ƙofa ba katinka yake fara dubawa ba, takardar shiga jirgi yake ɗorawa a na'ura. Abu uku na'urar ke karantawa: jirgin wane kamfani ne zai ɗauke ka, wane irin tikiti ka saya, kuma ko lambar katinka tana jikin wannan tafiyar.

Mun fi kyautata zaton na farkon ne ya kama ka. Kamfanoni kan sayar da kujera da sunansu alhali jirgin wani kamfani ne zai yi jigilar. Duba tikitin da kyau, ƙarƙashin lambar jirgin akwai ɗan layi mai cewa "operated by", sunan da ya biyo baya shi ne mai jirgin na ainihi. A Star Alliance dole mai jirgin ya zama ɗan ƙawancen. A ƙawancen oneworld sharaɗin ya fi tsauri, sai mai sayar da tikitin da mai jirgin duka biyun suna ciki. In kuwa matsalar lamba ce, gyaranta minti biyu ne: ka koma wurin da ake awon kaya, a saka lambar, a sake buga maka takardar. Idan an yi daidai za ka ga alamar *G a jikinta.

Sai a kula da sunayen katunan, domin suna ruɗarwa. Manyan ƙawancen uku ne: Star Alliance da aka kafa a 1997, oneworld a 1999, SkyTeam a 2000. Matsayin da ke buɗe falo shi ne Gold a na farko, Sapphire ko Emerald a na biyu, Elite Plus a na uku. Amma kowane kamfani da sunan da yake kiran nasa katin. Silver na British Airways daidai yake da Sapphire, yana buɗe falo a ko'ina cikin ƙawancen, shi kuwa Silver na Qatar Airways matsayin Ruby ne, ba ya buɗe falon sauran kamfanoni. Elite na Turkish Airlines da Senator na Lufthansa duka Gold ne a Star. Kamfani ma yakan sauya gida: SAS ya bar Star ya koma SkyTeam a watan Satumba na 2024.

Ko da komai ya cika, ba kowane falo ba ne. A Doha, falon Al Mourjan na masu tikitin bizines ne, mai kati da tikitin ikonomi wani falo dabam ake nuna masa. Haka falon Polaris na kamfanin United a Amurka, kati kaɗai ba ya shigar da mutum.

TAMBAYA: Falon da na saba shiga an rufe shi fiye da wata takwas da sunan gyara. Falo ne kawai, kujeru da fenti, me zai ci wannan lokacin? Kuma tunda ba na samun abin da katina ya ba ni, ba su da abin biya na?

AMSA: Malam, da kujeru da fenti ne kawai, da makonni sun wadatar. Abin da ke cin lokaci yana ƙarƙashin daɓe da saman silin, sannan ga inda falon yake.

Yawancin faluka suna bayan shingen bincike ne. Ma'ana kowane birkila, mai aikin famfo ko na lantarki sai an tantance shi an ba shi katin izini, wanda shi kaɗai kan ɗauki makonni. Duk tayil da katako da bututun da zai shiga sai an bincike shi. Kayan aiki irin su sukudireba, zarto da wuƙar yanka kafet ƙirga su ake yi a shiga, a sake ƙirgawa a fita, don guda ɗaya da ya ɓace a wurin da fasinjoji ke wucewa na iya tsayar da aiki har sai an gano shi. Aikin da ke da ƙara ko ƙura kuma galibi sai dare, tsakanin tashin jirgin ƙarshe da isowar fasinjojin asuba, wanda a filin da ke da hada-hada bai wuce awa huɗu ko biyar ba, kuma a cikinsu ne za a shigo da kaya a kuma share wuri.

Sassa uku ne suka fi kawo jinkiri. Na farko bandakin wanka. Kowane ɗaya yana buƙatar bututun fitar da ruwa mai gangara, wanda sau da yawa sai an huda daɓen kankare, alhali ƙasan falon shaguna ne ko zauren fasinjoji, ko bel ɗin da ke jan jakunkuna. Na biyu kicin. Falon da zai koma dafa abinci a wurin, maimakon ɗumama wanda aka kawo, yana buƙatar bututun zuƙe hayaƙi har saman rufi, da tarkon maiƙo, da na'urar kashe gobara ta musamman. Na uku iska da gobara: ƙara kujeru na nufin ƙara na'urar sanyaya wuri, sauya matsugunin yayyafin kashe wuta duk inda aka matsar da bango, da tabbatar da cewa ƙofofin fita za su ɗauki adadin mutanen. Duk wannan sai hukumar filin da masu kula da gobara sun sa hannu. A tsohon gini kuwa, sai an buɗe silin ake ganin abin da zanen bai nuna ba, daga nan lissafi ya sauya.

Batun diyya, gaskiyar ita ce sharuɗɗan yawancin kamfanoni sun ce shiga falo ya dogara da samuwar wuri, ba haƙƙi ba ne kamar kujerar da ka biya. Abin da aka saba yi ɗaya ne cikin uku: a buɗe ƙaramin falo na wucin gadi, a tura mutane falon wani kamfani, ko a ba da takardar cin abinci a gidajen abincin filin. Wannan takardar sau da yawa ba a miƙa ta sai an tambaya, kuma a wurin awon kaya ake tambaya, kafin a wuce bincike. Idan tikitin bizines ka saya da kuɗinka, rubuta wa kamfanin bayan tafiya, ka haɗa lambar tikiti da ranar. Sukan ba da makin tafiya, irin wanda ake tarawa a musanya da tikiti, na ban-haƙuri, ko da yake ba tilas ba ne a kansu. A ganinmu kamfanin da ya san falonsa a rufe yake ya kamata ya faɗa tun lokacin sayar da tikiti, ba sai fasinja ya iske allo a ƙofa ba.

TAMBAYA: Maigidana yana da kati, mukan yi tafiya da yara biyu, ɗaya shekara shida, ɗaya wata goma. Za mu shiga gaba ɗaya?

AMSA: Hajiya, a ƙa'idar ƙawancen baƙo ɗaya aka yarje wa mai kati. Jaririn da bai kai shekara biyu ba galibi ba a ƙirga shi, amma mai shekara shida baƙo ne cikakke. Ke da mai shekara shidan kun zama biyu, don haka ɗaya ya yi yawa. Wasu kamfanoni kan sassauta wa iyalan masu katinsu a falonsu na kansu, amma wannan sassauci ba ya bin ku zuwa falon abokin ƙawance. A Star Alliance, tun 2021 dole baƙon ya kasance a jirgi ɗaya da mai katin. Tikitin bizines shi kaɗai, ba tare da kati ba, ba ya ba da damar baƙo. Mafita mai sauƙi ita ce a tambaya ko falon na sayar da shigar mutum ɗaya, ko ke ma ki riƙe katin banki mai ba da falo.

TAMBAYA: Bankina ya ce katina yana da Priority Pass, amma sau biyu ana ce mini falo ya cika, ina kallon wasu suna shiga.

AMSA: Ba wulaƙanci ba ne, Malam, tsarin kasuwancin ne haka. Priority Pass, kamfani mai bai wa mambobinsa izinin shiga faluka ko da wane jirgi za su hau, wanda ya fara a 1992, yawancin falukan da ke jerinsa ba nasa ba ne, biyan mai falon yake yi a kan kowane mutum da ya shiga. Shi kuma mai falon yana da kwangila da kamfanonin jirgi waɗanda suka kama wa fasinjojinsu kujeru. In manyan jirage biyu ko uku za su tashi cikin awa ɗaya, masu kwangila ake fara bai wa wuri. Lokacin da aka rufe falon wani kamfani don gyara, fasinjojinsa nan ake turowa, kuma mai Priority Pass shi ne farkon wanda ake dakatarwa.

Ga abin yi. Ka yi rajista tukuna, domin a bankuna da yawa katin bankin kansa ba shi ne izinin ba, sai ka buɗe asusun Priority Pass ka samu lambarka. Ka buɗe manhajar kafin ka bar gida, ka karanta sharuɗɗan falon: awannin da ba sa karɓar masu katin, iyakar zama wadda galibi awa uku ce, da kuma ginin da falon yake, tunda babban fili na iya samun gine-gine da yawa da ba a ratsawa tsakaninsu bayan bincike. Wasu faluka na karɓar ajiyar wuri tun kafin ranar da ɗan kuɗi kaɗan. Sannan kafin ka sa hannu a ƙofa, duba adadin mutanen da aka rubuta, domin kuɗin baƙo daga baya ake cirewa a asusunka.

TAMBAYA: Na sayi tikitin bizines mai rahusa, aka ce babu falo. Haka yake?

AMSA: Haka yake. Qatar Airways na da Business Lite, Finnair na da Business Light, Emirates ma na da nau'in Special, duka kujerar bizines ce ba tare da falo ba. Shafukan dillalan tikiti ba kasafai suke nuna wannan a fili ba, don haka a duba sunan nau'in tikitin kafin a biya. In kana da katin da ya kai matsayi, shi zai iya shigar da kai falon da aka ware wa masu kati.

TAMBAYA: An gama gyara, falon ya ninka girma, amma dokokin shiga sai ƙara tsanani suke yi. Me ya sa?

AMSA: Saboda masu izinin shiga sun ƙaru fiye da yadda gini zai iya ƙaruwa, musamman ta hanyar katunan banki, kuma adadin da falo zai ɗauka dokar gobara ce ke yanke shi. Amurka ce ta fi nuna wannan. A 2022 kamfanin jirgi na Delta ya hana shiga falonsa fiye da awa uku kafin tashin jirgi. A Fabrairun 2023 kamfanin katin kuɗi na American Express ya fara karɓar dala 50 kan kowane baƙo baligi a falukansa na Centurion, sai ga wanda ke kashe dala 75,000 a shekara da katin. Daga Fabrairun 2025 kuma mai katin Platinum na American Express ziyara 10 kawai yake da ita a shekara a falon Delta, mai katin Delta Reserve, wanda shi ma na American Express ne, ziyara 15. Samun matsayin ma ya sauya: tun Afrilun 2025 British Airways ya koma lissafi da kuɗin da aka kashe maimakon nisan tafiya, inda Silver ke buƙatar maki 7,500.

Dokar awa uku galibi ba ta shafar wanda ya sauka yana jiran jirgi na biyu, amma sai ya nuna takardar jirgin da ya sauko daga ciki, don haka kada a yar da ita. Mai sauya jirgi a Turai kuma ya lura da wane ɓangare falon yake, na Shengen, wato ƙasashen Turai da ba a duba fasfo a tsakaninsu, ko na waje. Idan falon na gefen Shengen ne kuma jirginka zai fita daga yankin, akwai layin duba fasfo tsakaninka da ƙofar jirgi. Ka bar falon aƙalla minti 45 kafin lokacin fara shiga jirgi, kuma ka riƙa duba allo da kanka, domin faluka da yawa ba sa kiran jirage da lasifika.