Zauren Girki: Tambayoyinku Kan Dangwalen Tako Mai Hawa Bakwai

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karon kusan duk sun taru ne a kan abinci ɗaya: haɗin nan na Amurkawa da ake jerawa hawa-hawa a faffaɗan kwanon gilashi, a riƙa dangwala da soyayyen ɓawon masara, wato siririyar wainar masara da aka yanka aka soya ta yi ƙaras, ana kallon wasa. Asalinsa girkin Tex-Mex ne, wato girkin jihar Texas da ya ɗebo hannu daga Meziko. Babbar ranarsa a can ita ce Lahadin Super Bowl a watan Fabrairu, ranar wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka.

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigida da abokansa suna kallon ƙwallo a gidanmu duk ƙarshen mako, kuma na gaji da cincin da gyaɗa. Na ga hoton wannan haɗin, ina so ku koya mini daga farko har ƙarshe, da awo. Daga wata uwargida a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, uwargida. Awon da za mu ba ki na kwano ne mai tsawon santimita 33 da faɗin 23, wanda zai ishi mutum 10 zuwa 12. Hawa bakwai ɗin daga ƙasa zuwa sama su ne: wake, fiya, kirim mai tsami, haɗin tumatir, cuku, zaitun, sai lawashi. Wannan jerin ba don ado ba ne. Mai nauyi da kauri shi ke zama a ƙasa ya ɗauki sauran, mai ruwa kuma ana ɗora shi a kan abin da ba ya tsotsar ruwa.

Ki fara da wake, domin shi ke cin lokaci. Can suna amfani da wake mai ɗigo-ɗigo da ake kira pinto, amma jan wakenmu yana yi sarai. Ki jiƙa giram 250 tun da dare, ki dafa shi har sai ƙwaya ta narke tsakanin yatsu biyu. Kada ki zubar da ruwan dahuwar, ki ɗebi kofi ɗaya ki ajiye. Kanwa kuma ki bar ta a wannan girkin, tana duhunta waken kuma ɗanɗanonta ba ya jituwa da lemon tsami. Ki zuba man gyaɗa cokali 3 na cin abinci a kasko, ki soya rabin albasa da tafarnuwa ƙwaya 3 har su yi laushi, ki juye waken, ki sa gishiri da ƙaramin cokali ɗaya na kumin, ki riƙa murƙushewa da bayan ludayi kina ƙara ruwan nan kaɗan-kaɗan. Abin da za ki lura da shi sosai shi ne kauri. Ki sauke shi yana da ɗan saki, kamar ƙullin alala mai kauri, domin wake yana ƙara daskarewa idan ya huce. Wanda aka sauke da taurin tuwo, bayan awa ɗaya a firiji sai ya koma kamar ƙasa, duk abin da aka dangwala sai ya karye a ciki. Ki bar shi ya huce gaba ɗaya kafin ki shimfiɗa, kaurin yatsa ɗaya ya isa.

Hawa na biyu fiya ce: ƙanana 3 ko manya 2, waɗanda suka nuna har suna ɗan lotsawa in an danna. Ki murƙushe da cokali mai yatsu, ki sa ruwan lemon tsami cokali 2 da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada ki kai ta injin markaɗe, yana mayar da ita kunu.

Na uku kirim mai tsami giram 450, a gauraya da cokali 2 na kayan ƙamshin tako, wato haɗin da ake sa wa tako, wainar Meziko da ake naɗe nama a ciki. In kirim ɗin ya yi wuyar samu, kindirmo ko yogot marar sukari zai maye gurbinsa, amma sai an tsane shi. Ki shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta a kan rariya, ki zuba lita ɗaya, ki sa a firiji awa 4 zuwa 6. Kusan rabinsa zai fita a matsayin ruwa, abin da ya rage shi ne mai kaurin da cokali zai tsaya a ciki.

Kayan ƙamshin kina iya haɗa naki: garin tattasai babban cokali ɗaya, kumin ƙaramin cokali ɗaya da rabi, garin tafarnuwa da garin albasa da oregano (busasshen ganye mai ƙamshi) da masoro rabin ƙaramin cokali kowanne, gishiri ƙaramin cokali ɗaya. A nan mutane da yawa ke faɗawa rami. Garin da girke-girken Amurka ke kira chili powder haɗi ne mai sanyin yaji, ba garin barkononmu ba ne. Wadda ta ga an rubuta babban cokali ɗaya ta ɗebo barkono tsantsa ta zuba, ta ɓata kwanon duka. Barkono kwata na ƙaramin cokali ya wadatar.

Na huɗu tumatir 4 masu tauri da rabin albasa da rabin attaruhu da lemon tsami cokali ɗaya. Yadda ake tsane shi yana cikin amsa ta gaba. Sai cukun cheddar da aka goga giram 200, zaitun baƙi da aka yanka giram 80, da lawashi kara 4 yankakke a sama. Ki rufe ki sa a firiji awa ɗaya kafin baƙi su zo.

Wajen shimfiɗawa, kada ki juye hawa gaba ɗaya a tsakiya ki ce za ki baza, zai kwashe na ƙasa su cakuɗe. Ki ɗiɗɗiga shi cokali-cokali a ko'ina, sannan ki haɗe su a hankali da bayan cokali har zuwa bangon kwanon.

Tambaya: Na gwada sau biyu. Da farko yana da kyau, amma da an ɗebi kusurwa ɗaya sai wani jan ruwa ya gangaro ya cika gurbin. Ina kuskuren yake? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, wannan ita ce babbar matsalar wannan abincin, kuma galibi tumatir ne. Gishiri yana janyo ruwa daga cikin tumatir. In kin yanka kin sa gishiri kin ɗora nan take, aikin janyo ruwan a cikin kwanonki zai gudana. Maganin shi ne ki sa ya gudana a waje. Ki raba tumatir gida huɗu, ki kwashe 'ya'yan da ruwan cikin da ƙaramin cokali, ki yanka tsokar ƙanana kamar ƙwayar masara, ki barbaɗa rabin ƙaramin cokali na gishiri, ki bar shi a rariya minti 20 zuwa 30. Ki leƙa kwanon da ke ƙarƙashi, za ki ga ruwan da da ya kwanta a kan wakenki. Bayan nan ne za ki haɗa albasa da attaruhu da lemon tsami, ki kuma ɗebo da cokali mai huji. In salsa ce kika saya, wato haɗin tumatir na kwalba, ita ma sai ta bi ta rariya.

Akwai ƙananan hanyoyi uku da ruwa ke shigowa. Kindirmon da ba a tsane ba yana sakin ruwansa mai ɗorawa. Waken da aka rufe da ɗumi yana yin gumi a ƙarƙashin leda. Zaitun kuma yana zuwa da ruwan gishirin gwangwani, sai an tsane an goge da tawul ɗin takarda. Wasu na ƙara ganyen latas. Mu ba mu ba da shawararsa sai in za a ci nan take, domin yana yaushi ya saki ruwa cikin awa ɗaya zuwa biyu.

Tambaya: Fiyata tana yin baƙi kafin baƙi su iso. An ce in bar ƙwallon fiyar a ciki, gaskiya ne? Daga Jos.

Amsa: Malama, ƙwallon ba ya hana komai sai ɗan wurin da ya danne. Abin da ke faruwa shi ne akwai wani sinadari a cikin fiya da ke mayar da ita ruwan ƙasa da zarar iska ta taɓa ta, irin yadda yankakkiyar doya ko dankali ke canja launi. Tsamin lemo yana rage masa gudu, amma toshe iska shi ne maganin gaske. Dalilin da ya sa muka ɗora kirim kai tsaye a kan fiya ke nan, ko da yake wasu girke-girke suna juya jerin. Ki tabbata kirim ɗin ya rufe ta ruf har gefe, kada ki bar ko ɗan kore yana leƙowa. Kuma fiya ita ce abu na ƙarshe da za ki yanka. Wake da kirim da cuku ana iya shirya su tun jiya a ajiye kowanne a mazubinsa, amma fiya da tumatir sai ranar.

Fiyar ma ta bambanta. Ƙaramar nan mai baƙin ɓawo mai kaushi, Hass, tana da maiƙo da kauri. Manyan masu santsin koren ɓawo sun fi ruwa, don haka in su kika samu ki rage lemon tsami zuwa cokali ɗaya da rabi, kuma kada ki murƙushe su sosai.

Tambaya: Ina karatu a Houston, kuma abokan karatu sun gayyace ni kallon Super Bowl, kowa zai kawo abinci. In na sayi kayan gwangwani, akwai abin da ya kamata Musulmi ya kiyaye? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Akwai, Malam, kuma ka yi kyau da ka tambaya. Soyayyen waken Meziko, frijoles refritos, a al'adance da man alade ake soya shi, kuma gwangwanaye da yawa da aka rubuta wa traditional suna ɗauke da shi. Ka juya gwangwanin ka karanta jerin kayan da ke ciki. In ka ga lard ko manteca, ka mayar. Ka nemi wanda aka rubuta wa vegetarian, da man tsirrai ake yinsa. Gwangwani ɗaya mai giram 450 yana rufe kwanon a sirance, biyu sun fi cika ido. Waken gwangwani yana da tauri, sai ka sassauta shi da ruwa cokali 3 ko 4 kafin ka shimfiɗa. Ka duba kirim mai tsami shi ma, wasu nau'o'in, musamman masu ƙarancin maiƙo, ana sa musu gelatin don su yi kauri, shi kuwa daga fata da ƙashin dabbobi ake yinsa, har da alade. In wani ne ya kawo nasa kwanon, ka tambayi da wane wake aka yi. Irin wannan tambayar ba baƙuwa ba ce a can.

Tambaya: Yarana ba sa ɗaukar abinci marar nama da muhimmanci. Zan iya ƙara niƙaƙƙen nama? Daga wata Hajiya a Maraɗi.

Amsa: Za ki iya, Hajiya, amma a ganinmu nama ya fi dacewa da nau'in da ake ci da zafi. Kitsen saniya yana daskarewa in ya yi sanyi, sai ki ga fararen ɗigo a jikin naman, kuma yana liƙe wa mutum a dasashi. Ki soya giram 450 na nama marar kitse har ja ya ɓace gaba ɗaya, in kina da ma'aunin zafi ya kai digiri 71, ki tsiyaye man, ki sa kayan ƙamshin tako cokali 2 da ruwa rabin kofi, ki bar shi ya tsotse. Ki shimfiɗa wake, nama, sai cuku, ki gasa a digiri 180 na minti 15 zuwa 20 har cukun ya narke. Ki bar shi ya sha iska minti 10, sannan ki ɗora tumatir da lawashi. Fiya da kirim ki kawo su a ƙananan kwanuka a gefe, domin zafi yana tsinka kirim, fiya kuma tana ɗaci in ta dahu.

Tambaya: Ɓawon masarar da ake dangwalawa da shi yana da tsada a nan. Me zai maye gurbinsa? Daga Kano.

Amsa: Biredin shawarma. A yanka shi gida-gida mai kusurwa uku, a shafa mai kaɗan da gishiri, a gasa a digiri 180 na minti 8 zuwa 10 har ya yi ƙaras. Soyayyiyar ɗanyar agada da aka yanka da ɗan kauri ita ma tana ɗauka. Siraran soyayyen dankali na leda kam ba sa iya ɗaga hawa bakwai, karyewa suke yi.

Tambaya: Awa nawa zai iya zama a falo ana ci? Wani lokacin wasa biyu ake kallo a jere. Daga wani magidanci a Sakkwato.

Amsa: Wannan tambayar ta fi duk sauran nauyi, Alhaji, domin abinci ne mai madara da dafaffen wake, hannaye da yawa kuma suna shiga cikinsa. Ƙa'idar hukumomin kula da abinci na Amurka ita ce kada irin wannan ya wuce awa 2 a waje da firiji, in kuma zafin wurin ya haura digiri 32, awa ɗaya kacal. A Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, falon da babu na'urar sanyaya ɗaki yana cikin rukuni na biyu. Wasan ƙwallon ƙafa ɗaya da hutun rabin lokaci minti 105 ne kafin a ƙara na alƙali, wato babban kwano ɗaya da aka fito da shi tun busa usur ba zai kai ƙarshen wasa lafiya ba a lokacin zafi. Kuma ƙwayoyin cutar da ke sa amai da gudawa ba lallai su canja wari ko ɗanɗano ba, don haka shinshinawa ba hujja ba ce.

A raba haɗin a ƙananan kwanuka biyu ko uku tun wajen jerawa. A fito da ɗaya da fara wasa, na biyu a hutun rabin lokaci, sauran suna firiji mai sanyin digiri 4 ko ƙasa da haka. In wuta ba ta tsayawa, a jera su a cikin kula mai ƙanƙara, wanda ke kan tebur kuma a ɗora shi a tire mai ƙanƙara. Inda yara suke da yawa, ya fi kyau a jera wa kowa nasa a ƙaramin kofi mai haske, babban cokali ɗaya ko biyu na kowane hawa. Babu mai mayar da abin da ya gatsa cikin na jama'a. Kwanon da ba a fito da shi ba zai iya kwana ɗaya ko biyu a firiji, ko da yake fiyar za ta fara duhu. Wanda ya zauna a falo fiye da lokacinsa kuwa, a zubar da abin da ya rage, kada a mayar da shi firiji don gobe.