Me ya sa karant ɗin lezata ya ƙi tsayawa wuri ɗaya?

Tambaya: Malam, na ciro diyod ɗin leza mai jan haske daga tsohuwar na'urar ƙona faifan DVD, na haɗa masa direba, wato da'irar da ke daidaita masa karant, da ɗan IC mai saita wuta LM317, da rizista mai om 5, da ɗan bolum na daidaitawa. A lissafina ya kamata in sami miliamfa 250, amma mita sai ta nuna 210, ta sauka 170, ta sake hawa. Da cajar waya mai volt 5 nake ba shi wuta. Ko LM317 ɗin jabu ne?

Amsa: Ɗan'uwa, lissafinka daidai ne. LM317 yana riƙe volt 1.25 tsakanin ƙafar OUT (ta fita) da ta ADJ (ta daidaitawa), inda rizistar take, in ka raba da om 5 ka sami miliamfa 250. Sai dai kafin mu ɗora wa ɗan IC ɗin laifi, mu duba abin da kake ba shi, don ni dai a nan na ga matsalar.

Jan diyod irin na DVD, mai haske wajen nanomita 650, yakan ci kimanin volt 2.5, wani ma har 3. Rizistar ta ɗauke 1.25. Shi kansa LM317 yana buƙatar rarar volt 2 zuwa 3 kafin ya iya aikinsa. Haɗa su duka, ka ga kana neman volt 6 zuwa 7, kai kuma 5 ka kawo. Idan wuta ta gaza haka, IC ɗin ba ya saita komai, duk abin da ya shigo shi yake wucewa. Caja ta ɗan yi ƙasa, karant ya bi ta. Diyod ya ɗumama, abin da yake ci ya canza, karant ya sake motsi. Rawar da kake gani a mita ke nan. Sa batir biyu na 18650, irin na litiyam da ake caji, a jere, ko adafta mai volt 9. Amma ka sani batiran nan daga volt 8.4 suke farawa, suna saukowa wajen 6.5 rawar na iya dawowa. Ƙaramin batirin nan mai volt 9 mai kusurwa huɗu kuwa, manta da shi, ba zai jure miliamfa 250 ba.

Kada kuma ka ce to bari in zuba masa volt 12 in huta. Rarar zafi take zama: a nan wajen wat 2 ne, kuma LM317 ba tare da ƙarfen shanye zafi ba zai yi zafin da yatsa ba zai iya taɓa shi ba, ya fara rage wuta don kare kansa, ya huce, ya dawo. A volt 9 ma kusan wat 1.3 ne, ɗaura masa ɗan alminiyam. Ka kula, fiffiken bayansa haɗe yake da ƙafar OUT, kada ya taɓa jikin diyod ko gidan ƙarfen da ka saka shi.

Ɗan bolum ɗin nan ma ban yarda da shi ba. Ba a yi irinsa don ɗaukar karant mai yawa ba, harshensa na ciki yana ɗan ɗagawa ya sauka, ko tebur ka buga sai ka ga mita ta zabura. Cire shi, ka bar rizista zalla mai rabin wat ko wat 1. In kana kan allon gwaji mai huji-huji ne, yi solda.

Abin da ya fi damuna shi ne da diyod ɗin kake gwaji. Jera diyod na gama-gari 1N4001 guda huɗu da rizista mai om 1 su tsaya a madadinsa, ka auna volt a kan rizistar: kowane milivolt ɗaya miliamfa ɗaya ne. Bar shi minti goma yana aiki, ka murɗa wayoyi, ka ga ko lamba za ta motsa. Sa kafasita 0.1 maikirofarad kusa da ƙafar shiga. Idan akwai kafasita a mafita, ka taɓa ƙafafunta da waya ta zubar da cajinta kafin ka haɗa lezar, kuma kada ka taɓa cirewa ko haɗa diyod alhali wuta na kunne. Ƙiftawar ido ɗaya ta isa ya koma ja-ja mara ƙarfi kamar fitilar rimot, kuma ba ya gyaruwa.

Ranar da za ka haɗa shi da gaske, sa tabarau na musamman da aka yi don jan leza. Tabarau na rana ba ya kare ido daga leza, kuma hasken da ya dawo daga madubi ko bakin sukudireba ya isa ya lalata ido.