Tambayi Likita: Sauke kitse ba tare da zubar da tsoka ba

Likita, barka da aiki. Shekarata 38. Wata biyu ke nan sau ɗaya nake cin abinci a yini, na sauka daga kilo 92 zuwa 81. Amma yanzu ko ɗana na ɗauka sai hannuna ya kama rawa, hawa bene kuwa sai na huta a tsakiya. Me ke faruwa?

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari, sai dai kin yi gaggawa. Kilo 11 cikin mako takwas ya wuce kima. Abin da muke so shi ne rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako.

Sikeli ba ya gaya miki abin da ya tafi, adadi kawai yake nunawa. A makon farko yawanci ruwa ne ke zuba, domin sukarin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka yana riƙe da ruwa kusan ninki uku na nauyinsa. Bayan nan sai kitse ya fara narkewa, amma ba shi kaɗai yake tafiya ba. Ko a ragewa ta tsanaki, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin da ya sauka ba kitse ba ne, in kuma aka haɗa da yunwa mai tsanani da zama wuri ɗaya, asarar ta fi haka. Jiki ba ya ciyar da tsokar da ba a mora, ya kan rushe ta ya yi makamashi da ita.

Ki koma ci sau uku, ki rage zaƙi da soye-soye, kowane ci ya zama da furotin, wato abinci mai gina jiki irin su ƙwai, wake ko kifi. Ki je a duba jininki ma, domin ƙarancin jini yana kawo irin wannan kasala. Kuma ki samo tef ɗin awo ki riƙa auna ƙugunki duk mako biyu. In ƙugu na raguwa, ƙarfinki na nan, to kina kan hanya ko da sikeli ya tsaya cak.

Ni matashi ne, nauyina kilo 80. Dole sai na sayi garin furotin na gwangwani?

A'a. Mai rage ƙiba yana buƙatar gram 1.2 zuwa 1.6 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa, kai ke nan gram 96 zuwa 128 a yini. Ƙwai ɗaya gram 6 ne, kofin madara gram 8, kofin dafaffen wake kusan gram 15, gram 100 na dafaffen kifi ko kaza kuma 20 zuwa 30. Ka rarraba shi safe, rana da dare. Mai ciwon ƙoda kuwa kada ya ƙara furotin sai da izinin likitansa.

Likita, shekarata 63, ina da ciwon suga da ciwon gwiwa. Ina tafiyar ƙafa kullum. Bai isa ba?

Baba, tafiyar nan kada ka bar ta, tana taimakon zuciya da suga. Amma ba ta isa ta tsare tsoka ba, sai an ba tsoka nauyin da za ta yi kokawa da shi. Ga shi kuma tun daga shekara 30 tsoka take raguwa a hankali, bayan 60 ta ƙara sauri. Shi ya sa na fi damuwa da dattijon da ya rame da sauri fiye da matashi: tsokar cinyar da ta tafi ita ce wadda za ta tashe shi daga zaune, ta kuma tare shi in ya yi tuntuɓe.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce a yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Ba sai ka ɗaga ƙarfe ba. Jingina kujera da bango, ka zauna, ka harɗe hannuwa a ƙirji, ka miƙe a hankali, ka koma ka zauna ba tare da ka faɗa mata ba, sau goma. Ka huta, ka sake. Sannan ka dafa bango da tafukanka, ka kai ƙirji kusa da shi, ka tura kanka baya. In tashi daga kujerar ya fara yi maka sauƙi, ka riƙe gorar ruwa a kowane hannu. In kana shan maganin suga, ka sanar da likitanka kafin ka rage abinci, kada suga ya faɗi.

An sa ni a kan allurar rage ƙiba ta Wegovy. Gaskiya ne tana cin tsoka?

Maganin cikinta, semaglutide, yana kashe sha'awar abinci ne, ba ya kai wa tsoka hari. A gwajin STEP 1 da aka buga a 2021, masu allurar sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu a mako 68, kuma a cikin waɗanda aka yi wa hoton jiki, kusan kashi 40 cikin 100 na abin da ya sauka ba kitse ba ne, ko da yake har da ruwa a ciki. Tunda cikinka zai cika da wuri, fara da furotin a faranti kafin komai, ka kuma riƙe atisaye sau biyu a mako.

Ina kwana awa biyar saboda aiki. Da matsala?

Akwai. A wani bincike na Jami'ar Chicago a 2010, mutum goma sun rage abinci iri ɗaya na mako biyu, sau ɗaya da awa 8.5 a gado, sau ɗaya da awa 5.5. Nauyin da ya sauka kusan ɗaya ne, amma da gajeren barci kitsen da ya narke ya ragu da fiye da rabi, sauran ya fita daga naman jiki. Ka nemi awa bakwai, ko da sai ka ajiye waya tun da wuri.