Jinin yaro zai iya nuna irin ciwon ƙirjin da ya kama shi?

Tambaya: Likita, daga Gwammaja nake. Da hunturun bana aka kwantar da ɗana mai wata huɗu, numfashi na sarƙe shi har aka sa masa oksijin. An yi masa allurar antibayotik, amma an ce mai yiwuwa bairos ne. Ƙanwata mai karatun likita ta ce yanzu ana duba ƙwayoyin gado a jini a tantance. Gaskiya ne?

Amsa: Allah ya ƙara masa lafiya, Malama. Ƙanwarki ta yi gaskiya, sai dai abin bai iso gadon asibiti ba tukuna.

Ɗan Adam na da ƙwayoyin gado kusan 20,000, amma ba duka ke aiki lokaci guda ba. Ki ɗauke su kamar littattafai jibge a zauren malami. Wanda ake buƙata shi ake buɗewa, a kwafe darasin a allo, in an gama a wanke. Wannan rubutun allon shi ake kira RNA. Idan cuta ta shiga huhu, fararen ƙwayoyin jini, wato sojojin jiki, sukan buɗe wasu littattafan su rufe wasu. Mai bincike sai ya ɗebi jini ya ƙirga allunan. Kin ga ba ƙwayar cutar yake nema ba, martanin jikin yaron yake karantawa. Hikimar ke nan, domin ɗebo majina daga can cikin huhun jariri ba wasa ba ne.

Bairos kan tayar da rukunin ƙwayoyin gadon da ake kira intaferon, bakteriya kuwa, wadda ita antibayotik ke kashewa, wani rukunin take tayarwa. A 2016 masu bincike a Kwalejin Imperial ta Landan suka nuna cewa ƙwayoyin gado biyu kacal, IFI44L da FAM89A, na iya raba su a yara masu zazzaɓi. Kafin nan, a 2013, wani bincike a jihar Ohayo ta Amurka ya duba jarirai masu bairos ɗin RSV mai sarƙe numfashi, wanda ke kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 kimanin 100,000 a shekara a duniya. An ga sojojin gaba sun harzuƙa, amma masu haɗa kariya mai ɗorewa sun yi laƙwas, musamman a 'yan ƙasa da wata 6, tsarar ɗanki ke nan.

Ni inda nake ɗari-ɗari shi ne, yawancin wannan aikin a Turai da Amurka aka yi shi. Yaron Kano kan zo da maleriya, ko sikila, ko tamowa, kuma kowanne na iya canza rubutun allon. Ga tsadar na'ura. Ga shi bairos kan buɗe wa bakteriya ƙofa su haɗu a huhu ɗaya, shi ya sa ban ga laifin wanda ya yi wa ɗanki allurar ba. Jariri na kan oksijin, ba a zaman jira.

Abin da ke hannunki shi ne ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance shiru. A shekarunsa, 50 ko fiye ya yi yawa, daga shekara 1 zuwa 5 kuwa 40. Idan ƙasan ƙirjinsa na lotsawa, ko ya ƙi kama nono, kada ki tsaya kemis, ki wuce asibitin Hasiya Bayero ko na Murtala ko da tsakar dare ne. Ki duba katinsa kuma, allurar rigakafin nimoniya sau uku ce: sati 6, 10 da 14.