Tambaya da Amsa: Yadda Ake Kai Ruwa Cikin Tukunyar Ƙaramin Injin Tururi

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kusa gama ƙera ƙaramin kan jirgin ƙasa mai aiki da tururi, irin mai faɗin layi inci 5. Tukunyar ta jan ƙarfe ce, za ta yi aiki a matsin tururi na psi 80. Ina da famfon hannu a tanki, da wani famfon da sandar ƙafafun jirgin ke juyawa. Ɗaya bai wadatar ba ne? Kuma yaya zan ja bututan?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗaya bai wadatar ba. Famfon ƙafa, wato wanda sandar ƙafafun jirgin ke juyawa, sai jirgi na tafiya yake aiki, wuta kuwa ba ta san an tsaya ba. Idan ruwa ya sauka ƙasa da rufin akwatin wuta, ƙarfen wurin zai yi zafin da ya wuce kima, ya lanƙwashe ko haɗinsa ya buɗe. Saboda haka ka yi hanya biyu, kowacce da bututunta da bawul ɗinta a jikin tukunya, don matsalar ɗaya kada ta shafi ɗayar.

Hanyar famfon ƙafa ta fara daga ƙasan tanki, inda za ka sa matata mai ƙananan idanu. Daga nan bututu ya tafi bakin famfo. Bayan famfo sai mahaɗa mai reshe biyu: reshe ɗaya ya nufi tukunya, ɗayan ya bi ta bawul ɗin mayarwa ya koma saman tanki. Muddin bawul ɗin mayarwa na buɗe, ruwa zagayawa kawai yake yi. Da ka rufe shi, ba shi da mafita sai tukunya. Ka bar bakin bututun mayarwar inda ido zai gan shi, domin tsartuwar ruwan ita ce shaidar cewa famfo na ja.

A injin wannan girma, bututun jan ƙarfe mai inci 3/16 ya isa. Ɓangaren zuƙa kada ya fi na turawa ƙanƙanta, kuma ya zama gajere, ba kwana mai kaifi. Kafin ka lanƙwasa bututu ka gasa shi har ya yi ja-ja, ka bari ya huce, in ba haka ba zai ƙulle a kwanar. Bakunan haɗi da waldar azurfa za a kama su, ban da dalma, musamman kusa da tukunya. Bayan walda ka wanke cikin bututun sosai, don ɓurɓushi ƙwaya ɗaya ya isa ya hana bawul rufewa.

Inda ruwan zai shiga ma abin lura ne. Ka sa shi ta gaban tukunya ko ta samanta, nesa da akwatin wuta, kada ruwan sanyi ya riƙa dukan ƙarfe mai zafi. Duk abin da za a ɗaura a jikin tukunya ya zama na tagulla mai haɗin kuza. Mai haɗin tutiya, ruwan zafi yana cinye tutiyar a hankali har tagullar ta zama gautsi, wata rana ta ɓalle.

Tambaya: Malam, tururi na dawowa ta bututun ruwa har tanki ya yi ɗumi. Mene ne dalili?

Amsa: Bawul mai hanya ɗaya da ke jikin tukunya, wanda ke barin ruwa ya shiga amma ya hana shi dawowa, shi ne ke yoyo. A cikinsa akwai ƙaramin ƙwallo na ƙarfe marar tsatsa da ke zama a kan rami. Sai tukunya ta huce, matsi ya sauka gaba ɗaya, sannan ka kwance shi. Galibi za ka tarar da datti ko guntun farin tef ɗin da ake naɗa wa zaren mahaɗin bututu. Idan mazaunin ne bai yi daidai ba, ɗora wani ƙwallo mai girma iri ɗaya, ka kafa masa guntun sandar tagulla, ka ba shi bugu ɗaya marar ƙarfi da ƙaramar guduma, sannan ka jefar da shi ka sa sabo. Ka kuma duba tazarar da ƙwallon ke ɗagawa, kada ta wuce kwatan faɗinsa, don in ta yi yawa ba ya komawa mazauninsa da wuri.

Tambaya: Na sa injekta, amma ruwan ta bakin ambaliya, inda rarar ruwa ke fita, yake zubewa, ba ya shiga tukunya.

Amsa: Injekta, na'urar tura ruwa cikin tukunya wadda Bafaranshe Henri Giffard ya ƙirƙiro a 1858, ba ta da fistin. Tururi ne ke fita da gudu ta wani ɗan tsukakken mazurari, ruwan sanyi ya mayar da shi ruwa nan take, saurin da suka samu ya tura su cikin tukunya. To, ka ga in ruwan tanki ya yi ɗumi aikin ya rushe, shi ya sa bawul mai yoyo kan kashe injekta mai lafiya. Fara taɓa tankin da hannu.

In ruwan da sanyinsa, nemi inda iska ke shiga a ɓangaren zuƙa. Noti ɗaya da bai ɗauru ba ya isa, ko da ba ya ɗigar da ruwa. Ba wa injekta bututunta na kanta daga tanki, kada ta yi tarayya da famfo. Wajen kunnawa, ruwa ake fara buɗewa har ya zubo ta bakin ambaliya, sannan a buɗe tururi gaba ɗaya, sai a rage ruwan kaɗan-kaɗan har zubar ta tsaya.

Idan duk wannan bai yi ba, farin ɓawon da ruwa mai gishiri-gishiri ke bari ya toshe mazuraran. Jiƙa injektar cikin ruwan asid ɗin sitirik marar ƙarfi na 'yan sa'o'i, ka ɗauraye. Don Allah kada ka zura allura ko waya, domin ramin ɗan mitsitsi ne, in ya faɗaɗa ko kaɗan sai dai sabuwa. Nan gaba ka riƙa zuba tataccen ruwan sama a tanki.