Amsa ga ɗan ƙanena kan neman aure a gidan Larabawan Shuwa

Assalamu alaikum. Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na ji daɗi da ka tambaya kafin ka yanke hukunci cikin fushi. Ka ce ka ga yarinya a Maiduguri a gidan Larabawan Shuwa, ka tura magabata, mahaifinta ya karɓe su hannu bibbiyu, amma ya ce ba zai ba da amsa ba sai an ji ta bakin ɗan wansa da ke kiwo a wajen Kuseri ta ƙasar Kamaru, mutumin da yarinyar ba ta fi ta gan shi a wurin biki ba. Kana tambaya ko raini ne don kai Bahaushe ne, ko kuwa kora ce cikin ladabi. A iya zaman da na yi da mutanen nan lokacin da nake fataucin shanu tsakanin Cadi da Sudan, abin da uban ya yi shi ne abin da duk mai mutunci a cikinsu zai yi, ko da Balarabe ɗan wata zuri'a ne ya zo nema. Sai dai ba za ka gane dalilin ba sai ka san irin rayuwar da ta haifi al'adar.

Waɗanda muke kira Shuwa a Borno reshe ne na wata babbar al'umma da ta shimfiɗu daga Tafkin Cadi har zuwa kogin Farin Nilu, wadda a Sudan ake kira Baggara. Akwai Salamat a Cadi, akwai Rizaigat da Ta'aisha da Habbaniya da Bani Halba a Darfur, akwai Misiriya da Hawazma a Kurdufan, kuma yawancinsu suna jingina nasabarsu ga ƙabilar Juhaina ta ƙasar Larabawa. Kakanninsu sun biyo ta Masar ne da raƙuma, kuma zuwansu wannan yanki ba na jiya ba ne, domin tun a wajen 1391 Mai na Borno, Usman ɗan Idris, ya rubuta wa Sarkin Masar Barƙuƙ wasiƙa yana kukan hare-haren Larabawan da suka shigo ƙasarsa. Da suka gangara kudu inda raƙumi ba ya jure ƙuda da laka, sai suka koma kiwon shanu, kuma masana da dama suna ganin a wurin Fulani suka koyi sirrinsa. 'Yan uwansu da suka tsaya a arewa, kamar Mahamid waɗanda wasunsu ke yankin Diffa a Nijar, har yau raƙuma suke kiwo.

Tafiyarsu ba yawo ba ce, tana da lokaci kuma tana da labi sananne da kowace zuri'a ta gada. Misiriya, alal misali, suna yin damina a jigawar Babanusa da ke arewa, saboda a kudu ƙasar laka ce mai riƙe ƙafar saniya, ga bobuwa da sauro da ke hana dabba kiwo. Suna shuka gero a wajen Muglad, su dawo su girbe da kaka, sa'an nan idan tafkuna suka ƙafe da rani su nausa kudu zuwa kogin Baharul Arab, inda suke haɗuwa da ƙabilar Dinka ta yankin Abiyei a kan ruwa da ciyawa. Ranar tashi abin kallo ce. Tun da asuba mata ke kwance bukkoki, domin bukka ta mace ce, ita ke kafa ta, ita ke kwance ta, kuma kayan cikinta nata ne. Za a naɗe tabarmi da sanduna a ɗaure su a bayan takarkari, a rataya goran man shanu da tukwane a gefe, sa'an nan matar ta hau bisa kayan da ƙananan yara, maza kuwa su yi gaba da garke a kan dawakai ko a ƙasa. Kafin la'asar an sauka a sabon mashekari, an kafa bukkokin a kewaye, shanu suna tsakiya, an ɗora shayi.

To, ka dubi mutumin da rayuwarsa ke nan. Ba shi da katanga, ba shi da mai unguwa a kusa, kotu da 'yan sanda suna nesa da shi kwanaki, dukiyarsa kuma tana tafiya da ƙafafunta, ana iya kore ta cikin dare ɗaya. Abin da ganuwa take ga mutanen birni a da, shi ne 'yan uwan uba suke a gare shi. Saboda haka suke ƙidaya nasaba ta wajen uba kaɗai, har ƙaramin yaro ya jero maka kakanninsa ba tare da tuntuɓe ba. Waɗanda suka haɗa kaka na kusa su ne ke sauka wuri ɗaya, su haɗa garke, su yi ramuwa tare idan an sace musu dabba. A samansu akwai shehu, a saman shehu akwai umda, a saman umda akwai nazir, kamar yadda aka tsara a Sudan tun zamanin Turawa.

Inda za ka ga ƙarfin wannan zumunci shi ne wajen diyya. Na taɓa halartar zaman sulhu a ƙarƙashin wata bishiya bayan wani saurayi ya kashe mutum a rigimar rijiya. Dattawan da ke shiga tsakani suka zauna a tsakiya, ɓangarorin biyu suna fuskantar juna, aka yanke adadin shanun da za a biya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ba mahaifin yaron kaɗai aka ɗora wa ba. An bi gidajen zuri'ar ɗaya bayan ɗaya ana faɗin rabon kowa, wannan karsana, wancan bijimi, har da wani tsoho da bai san an yi rigimar ba sai da aka aika masa, kuma bai yi gardama ba, ya ware dabbarsa ya bayar. Ya san ranar da nasa ɗan ya jawo magana, haka za a yi masa. Wannan yana da tushe a shari'a, wadda ta ɗora diyyar kisan kuskure a kan dangin uba, sai dai su sun riƙe shi da gaske fiye da yadda muka riƙe.

Daga nan auren 'yar baffa ya samo gindinsa. Idan yarinya ta auri ɗan wan ubanta, shanun sadaki ba su bar garke ba, gadon da za ta ci bai fita waje ba, 'ya'yan da za ta haifa za su ƙara yawan masu tsaron dukiyar da masu biyan diyyar, ita kanta kuma tana zaune kusa da ubanta da 'yan uwanta maza, ba mai wulaƙanta ta. Mu ma muna auren zumunci, amma mu ba mu cika bambanta ɗan baffa da taubashi ba. Su kuwa ɗan baffa ne ke kan gaba, har al'ada ta ba shi haƙƙin a fara tambayarsa kafin a ba wani. Uban da ya tsallake shi ya aurar da 'yarsa ga bare ya ci mutuncin ɗan uwansa a bainar jama'a, kuma mata masu waƙa da ake kira hakkama ba sa barin irin wannan ya wuce ba su sa shi a baiti ba. Namijin da ba ya tsoron mashi a cikinsu yana tsoron bakin waɗannan mata.

Ba zan ɓoye maka ra'ayina ba. Wannan haƙƙi na al'ada ne, shari'a ba ta san shi ba. Su Malikawa ne kamar mu, kuma a mazhabarmu abin da ake dubawa wajen dacewar miji shi ne addininsa da lafiyarsa daga aibi, ba ƙabilarsa ba. Na ga inda ɗan baffa ya ƙi aure kuma ya ƙi yafewa, yarinya ta yi shekaru a gida, wannan kuwa zalunci ne ko da wane suna aka kira shi. Haka kuma zumuncin da ke tara shanun diyya shi ne ke jan samari cikin yaƙin da ba su suka tayar ba, kamar yadda aka gani a Darfur tun 2003 da kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023.

Rayuwar ma tana sauyawa. Farin 1973 da na 1984 sun ƙarar da garkuna da yawa, Tafkin Cadi ya ja baya, gonaki sun cinye burtali, ɓallewar Sudan ta Kudu a 2011 ta sa iyaka a kan hanyar rani, rikicin Boko Haram kuma ya kori Shuwa masu yawa daga Marte da Ngala da Kala-Balge zuwa cikin gari. Gidan da ka shiga nema wataƙila ba su da ko saniya a Maiduguri, amma uban yana da 'yan uwa a daji, kuma gobe zai buƙace su. A irin waɗannan gidaje na gari, tambayar ɗan baffa ta fi zama girmamawa, sau da yawa ya kan ce ya yafe, musamman idan yana da mata ko ya san yarinyar ta yi karatu ba za ta iya bin shanu ba. Auratayya tsakaninsu da Barebari ma tsohon abu ne tun zamanin Shehu Laminu na Borno.

Saboda haka kada ka matsa wa uban, kada kuma ka sa yarinyar ta yi masa magana a kan wannan, domin zai ɗauka kana neman raba shi da danginsa. Ka bar magabatanka su nemi wani dattijo a cikin zuri'arsu ya zama ɗan tsakani, kuma idan ɗan baffan ya shigo gari ka je ka gaishe shi da kanka, ka riƙe masa shayi da sukari, ka zauna ka sha abin da aka ba ka ba tare da gaggawa ba. Ka shirya amsa tambaya a kan asalinka, don za su so su ji sunan kakanka da garin da ya fito da sana'arsa, kuma zan rubuto maka abin da na sani na gidanmu a saƙo na gaba. Idan damina ta wuce ba a ba ka amsa ba, ka sanar da ni, ni da babanka za mu zo Maiduguri mu ga uban yarinyar da kanmu. Ka gaishe da mahaifiyarka. Wassalam.