Jarina kaɗan ne, me zan fara saya?

Tambaya: Ina son buɗe shagon buga takardu da cike fom a intanet, amma jarina bai taka kara ya karya ba. Daga ina zan fara? Mai karatu daga Gusau.

Amsa: Malam, fara neman wuri kafin kaya. Rumfa kusa da makaranta, kotu ko sakatariya ta fi katafaren shago a lungu.

Kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu ta isa, mai RAM (ƙwaƙwalwar aiki) 8GB da SSD (ma'ajiyar fayiloli) 256GB. Gwada batirinta kafin ka biya, domin shi zai riƙe ka idan aka ɗauke wuta.

Wajen firinta ake yawan kuskure. Sayi mai tona (wato garin tawada), baƙi da fari, wadda ke yin fotokwafi. Mai ruwan tawada kan toshe idan ta kwana biyu ba aiki. Sai dai mai tona tana jan wuta sosai lokacin ɗumama, ƙaramin janareta ba ya ɗaukarta, kuma kada ka haɗa ta da UPS (na'urar batiri mai riƙe wuta idan an ɗauke). Da damina takarda kan sha danshi ta maƙale, don haka bar ta cikin ledarta. Da hunturu kuwa, rufe na'urori saboda ƙura.

Rim ɗaya takarda 500 ne. Haɗa kuɗinsa da na tona da man janareta da zai ci, ka raba gida 500, sannan ka yanke farashin shafi.

Rajistar JAMB a cibiyoyin da hukumar ta amince da su kaɗai ake yi, kada ka karɓi kuɗin kowa a kanta.